Haruffan da ke Bayan Fijo 504: Daga Coupé ta Turin zuwa Tashoshin Maraɗi

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi tsakanin shekarun 1970 da 1990 ya san bayan Fijo 504 kamar yadda ya san ƙofar gidansu. But ɗin yakan miƙe kaɗan sannan ya karye ƙasa, kamar an danna shi da tafin hannu tun ƙarfen yana da zafi. A gefensa kuma akwai ƴan haruffa masu ƙyalli: wata GL, wata L, wata GR, wata SR. Muna yara mukan share ƙurar da ke kansu da yatsa mu karanta, mu yi ta gardamar wadda ta fi gudu. Wanda ya yi lakkwal ya ce "sank-san-kat", wanda ya saba da hanyar Katsina ya ce "fayif-o-fo", direbobin tasha kuwa Fijo kawai suke cewa, sai su ƙara da salun ko wagon. Haruffan nan matakan daraja ne da kamfanin Peugeot ya jera tun daga Faransa, kowane da injinsa da kayan cikinsa da kuɗinsa. A can ƙololuwar tsanin akwai wata ƴar gidan mai ƙofa biyu da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, ita ce 504 Coupé. Labarinta da na ƴan'uwanta ya cancanci a ba da shi daga nan Maraɗi, domin a nan ne tsanin ya kife, ta ƙasa ta koma sama.

An nuna 504 ta farko a Paris cikin watan Satumba na 1968, bayan yajin aikin da ya tsayar da Faransa a watan Mayu ya jinkirta fitowarta. Gidan zanen motoci na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Zaɓin mai saye a lokacin bai da yawa: injin lita 1.8 ne, ko dai mai kafireto, ko mai famfon fesa mai na kamfanin Kugelfischer wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi tsada.

Wata shida bayan haka, a bajekolin motoci na Jeneba na watan Maris 1969, aka yaye ƙyalle a kan Coupé da ƴar'uwarta Cabriolet, mai rufin da ake naɗewa. Sunan gidan ɗaya ne, injin ma na gida ne, amma gangar jikin daban take tun daga hanci har wutsiya. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, aka sauko da rufin, aka miƙar da bonet, aka jera fitilu huɗu ƙanana a gaba maimakon manyan idanun nan biyu na salun. A Turin, a masana'antar Pininfarina, ake ƙera jikin, don haka ba a taɓa yin ta da yawa ba. Ba a kuma ba ta kafireto a zubin farko ba, mai famfon fesa mai kaɗai ake sa mata. A 1970 injin ya girma zuwa lita 2 mai ƙarfin doki 104. A ganina wannan zubi na farko shi ne mafi kyau a cikin ukun da aka yi. Bambarsa siririya ce ta ƙarfe mai ƙyalli, kuma babu wani layi a jikin motar da za ka ce an sa shi don cike gurbi.

Zubi na biyu ya zo a ƙarshen 1974, kuma ya zo da buri. Peugeot da Renault da Volvo sun haɗa jari sun ƙera injin silinda shida a garin Douvrin da ke arewacin Faransa, wanda ake kira PRV, daga haruffan farko na sunayensu. A gidan Peugeot, Coupé da Cabriolet ne suka fara ɗaukarsa: lita 2.7, ƙarfin doki 136. Aka haɗe fitilun gaba biyu-biyu ƙarƙashin gilashi ɗaya, aka cire injin silinda huɗu daga jerin gaba ɗaya. Sai dai an yi shuka a idon makwarwa. Rikicin man fetur na 1973 ya riga ya tayar da kuɗin mai a Turai, ga kuma injin da ke sha ba ƙaƙƙautawa. Masu saye suka ja baya. A 1977 kamfanin ya gyara kuskurensa: ya dawo da injin lita 2, ya daina sa V6 a Cabriolet bayan an yi ƙasa da guda dubu, ya kuma ba Coupé V6 famfon fesa mai na Bosch da giya biyar, ƙarfinta ya kai doki 144. Zubi na uku, wanda ya shigo da shekarun 1980, an san shi da kaurin bambarsa ta roba. A 1983 aka rufe layin. Duk tsawon shekara goma sha huɗu, Coupé da aka ƙera ba su kai 30,000 ba, Cabriolet kuma wajen 8,000, a cikin dangin da yawansa ya haura miliyan uku.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, wannan mota da aka zana don titunan bakin teku na Turai, a ƙasar Afirka ta yi sunanta. Salun ce ta fara share fage: a 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, Hannu Mikkola ya ci na Maroko. Daga nan kamfanin ya ɗauki Coupé V6, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya ƙarfafa ƙafafunta, ya matsa injin har ya haura doki 200. Timo Mäkinen ya ci tseren Bandama na Kodebuwa da ita a 1976. Bandama kuwa ba wasan yara ba ne. A 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshensa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa biyu, ya ci Safari a gaban Porsche da Datsun, ya kuma ci Bandama, duka da Coupé V6. In ana maganar zubi na musamman a tarihin wannan mota, to wannan ne, kuma jar ƙasa da taɓo da ƙura irin namu ne suka gwada shi.

To me ya hana ta cika titunan Maraɗi? Ba rashin kuɗi ba ne. Alhazan garin nan, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun tara dukiya tun zamanin gyaɗa, kuma da fari na shekarun 1970 ya karya gyaɗar sai suka juya ga fataucin kan iyaka, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika Najeriya. Wanda ke iya cika tirela da atamfa ba zai kasa sayen Coupé ba. Amma mai son a san ya isa Marsandi yake saye, mai son aiki kuma yana son ƙofa huɗu. A tuna yadda babban mutum ke fita a garin nan. Za a je ɗaurin aure Tibiri, ko gaisuwa fadar Sarkin Gobir: ga direba, ga alhaji da babbar riga mai aska takwas da ta sha bugu, ga amini, ga malami, ga yaron gida riƙe da buta da darduma. Wa za a ce wa ya sunkuya, a kwantar masa da kujerar gaba, ya kutsa baya? Mota mai ƙofa biyu ta mutumin da ke tuƙa kansa shi da matarsa ce, mu kuwa darajar mutum a yawan waɗanda ke bayansa ake ganinta.

Sai kuma maganar mai. Fetur ɗin da ya tsallako daga Jibiya cikin jarka, ƴan ruwa-ruwa suka zuba a kwalabe a bakin titi, yakan zo da ƴar ƙura, wani lokaci da ɗigon ruwa. Kafireto yana haƙuri da wannan. Na sha tsayawa a gareji ina kallon bakanike ya kwance shi a kan tsumma, ya zuba ɗan fetur a gwangwanin tumatir ya wanke, ya sa jet a baki ya hura, ya ɗaga shi sama ya leƙa hasken rana ta cikin ƴar hudar, ya mayar, mota ta tashi kafin shayin da aka ɗora ya nuna. Famfon Kugelfischer ba ya karɓar irin wannan jinya. Yana son mai tatacce da na'urar awo da ƙwararren da ya koyi aikinsa. Shi ya sa ko TI, salun mai famfon fesa mai wadda ta fi GL daraja a takardar kamfani, in ta faɗo hannun mutanenmu sau da yawa ƙarshenta a cire famfon a ɗora kafireto.

Waɗanda suka ci kasuwarmu su ne na ƙasan jerin. A 1971 aka fito da masu dogon jiki: Break, da Commerciale ta ɗaukar kaya, da Familiale mai layin kujeru uku. A 1973 aka fito da L, wadda aka yi don mai ƙaramin ƙarfi a Faransa: injin lita 1.8, kayan ciki kaɗan, kuma maimakon ƙafafun baya masu motsi kowace ita kaɗai irin na GL da Coupé, aka sa mata aksil guda miƙaƙƙe. A Turai wannan ragi ne. A hanyar Ɗan Isa kuwa, ko cikin rairayin Gulbin Maraɗi, shi ne gata, domin miƙaƙƙen aksil yana ɗaukar lodi, ba ya saurin cin taya, kuma in ya lanƙwashe maƙeri ma yana iya duba shi. Na wagon har sifirin huɗu gare shi, biyu a kowane gefe. Kamfanin ya ce Familiale ta mutum bakwai ce. A tasha ƴan kamasho sun san lissafinsu: biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, buhuna a kan rufi, sannan a kira Yamai ko Damagaram ko Katsina. A 1979 akori-kura ta shigo, wadda a nan aka fi sani da bashe, kuma ita ce ta dace da manoman Jiratawa: a loda mata buhunan zogale da kwandunan tumatir daga filin noman rani tun asuba, ta iso kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a kafin rana ta yi zafi.

Ta hanya uku motocin suka riƙa shigowa, kuma dillali na ƙwarai yana gane kowace. Akwai ƴar sahara, wadda samarin Turawa ke tuƙowa ta Aljeriya, su bi Tamanrasset da Asamaka da Arlit su sayar a Agadas ko su gangaro kudu, su koma gida a jirgi da kuɗin. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990 da rikicin Aljeriya da tawayen arewa. Akwai ta tashar jirgin ruwan Kwatano, wadda ta bunƙasa daga baya. Sai ƴar Kaduna. A 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa Fijo a unguwar Kakuri, kuma shekaru da dama ta jirgin sama ake kawo sassan daga Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauke su a mota zuwa Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manyan jami'ai su rage ƙawa, 504 ta zama motar gwamnati a Najeriya, kayan gyaranta suka cika kasuwanni. Lokacin da 505 ta fito a Faransa a 1979 aka taƙaita jerin 504 zuwa GR da SR, da GRD da SRD masu shan gas, haruffan da Kaduna ta riƙe ta yi ta bugawa bayan Faransa ta daina salun a 1983. A ƙarshe-ƙarshe har ta yi nata sunan, Bestline. Ajantina ta daina ƙera 504 a 1999, Kenya a 2004, Kaduna ce ta kai ta tsakiyar shekarun 2000.

Wannan maƙwabtaka ita ce ta tsawaita ran Fijo a Maraɗi. Rufe iyakar da gwamnatin soja ta Buhari ta yi a Afrilun 1984, wanda ya kai har 1986, ya takura direbobi, amma da aka buɗe, naira ta faɗi, kayan Najeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa. Sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuɗin duk wani abu da ke zuwa daga Turai ya ninka dare ɗaya. Mai Fijon da ke iya aikawa Ƙofar Ruwa a Kano a sayo masa fistin ko shakazoba ya ci gaba da aiki. Mai motar da sai an yi odar fitilarta daga Turai kuwa ya jingine ta a kan duwatsu.

A garejinmu ne aka yi sauran zubi na musamman, waɗanda babu su a littafin kamfani. A ƙara wa wagon sifirin don ta ɗaga baya, a yi mata kariya ta ƙarfe a rufi wajen mai walda, a ɗauko injin wannan a sa wa waccan, a mayar da giyar sitiyari ta koma ƙasa. Haruffan ma tafiya suke yi: ƴan kusoshi ne ke riƙe da su, don haka L takan kwana L ta tashi SR ranar da za a kai ta kasuwa. Wanda ya san mota ba ya tsayawa karatun but. Yakan shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta, ya dubi aksil, ya ƙwanƙwasa bututun ƙarfen da furofela ke ciki, ya shafa ƙasan ƙofa ya ji ko gishirin titunan hunturun Turai ya ci ta, sannan ya tashi ya yi tayi.

Yau Toyota Hiace da manyan bas-bas na kamfanonin sufuri sun karɓe dogayen hanyoyi, kabu-kabu da adaidaita sun karɓe cikin gari. A Turai masu tara tsofaffin motoci suna tsere wajen sayen Coupé, musamman V6, suna ajiye ta a ɗaki suna goge ta. Familiale da ta kai ɗalibanmu Yamai, ta kai marasa lafiyarmu asibitin Galmi, ta kai amarenmu ƙauyuka, ita ce masu sayen tsohon ƙarfe ke yankawa suna ɗorawa a sikeli. Ina roƙon ƙungiyar direbobi da hukumar birnin Maraɗi su nemi wagon ɗaya da bashe ɗaya masu sauran lafiya, da takardunsu da haruffansu na asali, a gyara su a ajiye inda yara za su gani. Wanda kuma ke da irinta a bayan gida, don Allah ya dakata kafin ya kira mai sikeli.