Ƙaramar mota mai lantarki: yadda ake auna ingancinta, cin wutarta da darajar kuɗinta

A watan Afrilun 2023, a bikin baje kolin motoci na birnin Shanghai, kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da wata ƙaramar mota mai aiki da lantarki zalla mai suna Seagull, a kan farashin da ya fara daga yuwan 73,800. Cikin shekara guda aka sauke shi zuwa yuwan 69,800, wato ƙasa da dalar Amurka 10,000. A tsakiyar 2025 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Wannan mota ta zama ma'aunin da ake gwada sauran motocin lantarki masu araha da shi, don haka ta dace a ɗauke ta misali wajen amsa tambayoyi uku da ke gaban mai saye: shin tana da ƙarko, nawa take ci, kuma ta kai kuɗin da za a zuba a kanta?

Asalin motar da takwarorinta

An kafa BYD a 1995 a birnin Shenzhen, ƙarƙashin jagorancin Wang Chuanfu, kuma da batirin wayoyin hannu ya fara. Sai a 2003 ya shiga ƙera motoci, a watan Maris na 2022 kuwa ya daina yin motocin da ke aiki da fetur kaɗai. Wannan tarihi shi ne sirrin farashinsa: batir ne ɓangare mafi tsada a jikin motar lantarki, kuma kamfanin da kansa yake ƙera nasa, har da injin lantarkin da yawancin kayan cikinta.

Seagull ta Sin tana da tsawon mita 3.78, da kujeru huɗu, da inji mai ƙarfin doki 75, kuma iyakar gudunta kilomita 130 a awa. A Brazil da Meziko ana sayar da ita da sunan Dolphin Mini, a Turai kuma, tun daga watan Mayun 2025, da sunan Dolphin Surf.

Ba ita ce ta farko a wannan aji ba. A 2020 an fito da Wuling Hongguang Mini EV a kan yuwan 28,800, mai batirin da bai kai kilowat-awa 10 ba da tafiyar kilomita 120. Samfurinta na ƙasa ba shi da na'urar sanyaya ciki, ba shi da jakar iskar da ke kare direba a lokacin haɗari. A Turai kuma akwai Dacia Spring ta rukunin Renault, wadda aka fara sayarwa a 2021, ita ma a Sin ake haɗa ta. Motocin uku duk ana kiran su masu araha, amma tazarar da ke tsakaninsu wajen inganci ta fi wadda ke tsakanin farashinsu.

Inganci: ina aka rage kuɗi?

Kowace mota mai araha akwai inda aka tsuke mata. Abin dubawa shi ne ko an tsuke a kayan ado, ko kuwa a abin da rai ya rataya a kansa. A 2024 wani kamfanin binciken motoci na jihar Michigan a Amurka, Caresoft Global, ya sayi Seagull ya kwance ta gunduwa-gunduwa. Injiniyoyinsa sun yaba da yadda aka haɗa ta, sun kuma nuna dabarun rage kuɗi irin su waifa ɗaya tak a gilashin gaba, wanda ya rage inji ɗaya da hannu ɗaya da nauyi. Irin wannan tsimi ba ya cutar da kowa. Roba mai tauri a cikin mota, ƙaramin but, da ƙarar iska da tayoyi a kan babbar hanya su ma lahani ne da mai saye zai iya haƙuri da su.

Tsimin da ba a haƙuri da shi shi ne na kariya. Hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada motoci ta hanyar gwara su da gangan, ta ba Dacia Spring tauraro ɗaya cikin biyar a 2021, ta ba Dolphin Surf taurari biyar a 2025. Sai dai a nan akwai tarko. Samfurin Turai ya fi na Sin tsawo da kusan santimita 20, kuma an ƙara masa na'urorin kariya domin ya cika sharuɗɗan can. Taurarin na wannan samfurin ne. Ba sa bin duk motar da ta yi kama da shi. Mai saye zai tambayi ainihin ƙasar da aka ƙera motar dominta da yawan jakunkunan iskar da ke cikinta.

Sai batir. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa: mai sinadaran nikel da kobalt, da mai ƙarfe da fosfet wanda ake kira LFP. Na farko ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin nauyi, amma ya fi tsada. Na biyu ya fi nauyi, sanyi mai tsanani yana rage masa kuzari, amma ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ya fi jure yawan caji. Shi ne a cikin Seagull, a tsarin da kamfanin ya kira Blade ya kuma gabatar a 2020. Ga ƙasashe masu zafi, raunin LFP ba ya cika bayyana, ƙarfinsa kuwa shi ake buƙata. Duk da haka zafi yana tsufar da kowane batir, musamman idan aka saba ajiye mota cikin rana tana cike da caji.

Cin wuta: karanta lamba da idon basira

Ana auna girman batir da kilowat-awa, wato abin da mitar gida ke ƙirgawa a matsayin yunit ɗaya. Seagull tana zuwa da batir mai kilowat-awa 30.08 ko 38.88. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin kusan kilowat-awa 9, ke nan ƙaramin batirin bai kai lita uku da rabi ba. Abin da ya sa yake kai mota nesa shi ne ƙarancin asara. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna cewa motar lantarki tana isar da fiye da kashi 77 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa tayoyi, motar fetur kuwa kashi 12 zuwa 30 kawai, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Bugu da ƙari, idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin yana juyewa ya zama janareta ya mayar da wani abu cikin batir. Shi ya sa cunkoson gari, wanda ke shanye man mota, ya fi yi wa motar lantarki daɗi, gudu a babbar hanya kuma ya fi cinye mata caji.

Nisan tafiyar da ake rubutawa a talla ya danganta da wanda ya yi awon. Ma'aunin Sin, CLTC, matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 30 a awa ba; na Turai, WLTP, ya haura 46. A ma'aunin Sin ƙaramin batirin Seagull yana yin kilomita 305, babban kuma 405. Batir mai kilowat-awa 30 a samfurin Turai kilomita 220 aka rubuta masa. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a zabge kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga lambar Sin, a ƙara ragewa idan za a yi gudu da na'urar sanyaya a kunne da mutum huɗu a ciki. Tafiya kamar ta Abuja zuwa Kaduna, kimanin kilomita 190, tana bakin iyakar ƙaramin batirin. Babu hikima a shige ta ba tare da sanin inda za a yi caji ba.

Shi kansa cajin hawa uku ne. Soket ɗin gida yana ba da kusan kilowat biyu, don haka cika ƙaramin batir daga ƙasa yana cin awa 13 zuwa 15. Akwatin caji da ake kafawa a bango, mai kilowat 7, yana gamawa cikin kusan awa biyar. Tashar caji mai sauri tana kai shi daga kashi 30 zuwa 80 cikin rabin awa. Wanda tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 40 ba, wutar awa uku a soket ta ishe shi mayar da abin da ya ci. Akwai kuma batun baki: motocin da aka yi don kasuwar Sin suna da bakin caji na GB/T, na Turai kuma CCS2, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi na musamman.

Darajar kuɗi: lissafin shekaru, ba na ranar saye ba

Farashin Sin ba ya ƙetare teku yadda yake. Dolphin Surf ta fara a kan fam 18,650 a Birtaniya, fiye da ninki biyu na farashin gida, saboda ƙarin kayan kariya, da kuɗin jirgi, da haraji, da ribar dillalai. A 2024 Amurka ta ɗaga harajin motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari, Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa BYD ƙarin kashi 17 a kan kashi 10 da ake biya tun farko. Duk wanda ya ji an ce motar ba ta kai dala 10,000 ba, sai ya ƙara kuɗin dako da na fito da canjin kuɗi kafin ya san abin da za ta tsaya masa.

Ribar tana fitowa ne a kuɗin tafiya, kuma ana iya lissafa ta da alƙalami. A ƙaddara motar tana shan yunit 15 a kowace kilomita 100, har da asarar caji. A Najeriya, inda aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa sama da naira 200 a watan Afrilun 2024, idan aka sa yunit a naira 210 kuɗin zai kama naira 3,150. Ƙaramar motar fetur mai shan lita 7 a wannan nisa, idan lita tana naira 900, za ta ci naira 6,300. Rarar naira 3,150 ce. Mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai tsira da naira 472,500. Idan motar lantarkin ta fi takwararta tsada da naira miliyan biyar, sai an haura shekara goma kafin rarar mai kaɗai ta biya bambancin. Ɗan tasi mai yin kilomita 45,000 a shekara zai rufe wannan giɓi cikin kusan shekara uku da rabi. Yawan tafiya ne ke mayar da kuɗi.

Lissafin yana rushewa idan da janareta za a yi caji. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita ɗaya, ke nan yunit 15 zai ci lita bakwai da rabi ko fiye, abin da ya zarce shan motar fetur ɗin. Mai sola wadatacciya a gida ko a shago shi ne ya fi kowa cin riba, muddin motar za ta zauna kusa da faifan da rana.

A wajen gyara, babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kuloci, kuma birki yana daɗewa. Tayoyi da ƙafafu da ƙaramin batir mai bolt 12 suna nan kamar na kowace mota. Babban haɗarin shi ne babban batir. Cibiyar BloombergNEF ta ƙiyasta matsakaicin farashinsa a 2024 a kan dala 115 kowace kilowat-awa, wato kusan dala 3,450 ga batir mai 30, kuma wannan farashin masana'anta ne, ba na kanti ba. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, tare da alƙawarin cewa ƙarfin batir ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 ba. Amma garanti yana aiki ne a ƙasar da wakilin kamfani ya sayar da motar. Wadda aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa mai zaman kansa, galibi garantinta yana tsayawa a tashar jirgin da ta taso. Haka nan, saboda sababbin samfura suna fitowa da rangwame kusan kowace shekara, motar lantarki ta hannu tana saurin faɗuwa a kasuwa; wannan asara ce ga mai sayarwa, dama ce ga mai saye na biyu da ya iya duba batir.

Abin da za a tambaya kafin a biya

Na farko, takardar lafiyar batir, wadda ake cirowa da na'urar bincike, tana nuna kashi nawa na ƙarfinsa na asali ya rage. Na biyu, ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen rubuta nisan tafiya. Na uku, irin bakin caji da ko ya dace da tashoshin garin. Na huɗu, harshen allon motar, domin wasu na kasuwar Sin da Sinanci kaɗai suke magana. Na biyar, inda ake samun kayan gyara da makanikin da aka horar kan wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, wadda ba a taɓa ta da ka. Na shida, tsayin cikin motar daga ƙasa, tunda batirin a ƙarƙashinta yake, kuma dutse ko rami na iya yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ƙaramar motar lantarki tana iya faɗawa ƙarƙashin kowanne daga cikin biyun. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa da zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, mai wuta tsayayya ko sola, wanda ya saya daga wakili mai garanti, motar tana biyan kanta sannu a hankali. Ga wanda ke yawan doguwar tafiya, ko ya dogara da janareta, ko ba shi da wurin caji a gida, ƙaramar motar fetur mai tsimin mai har yanzu ta fi dacewa da aljihunsa.