Daga Kunun Kanwa Zuwa Katin Awo: Tarihin Abincin Mai Ciki a Ƙasar Zazzau

Tunda Allah Ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya tamu, ya kyautu mu waiwayi wani tarihi da ya shafi kowane gida, wato abin da mai ciki ke ci. Yawancinmu ba mu san cewa wani kaso mai tsoka na ilimin da likitocin duniya ke da shi a kan wannan batu a nan Zariya aka samo shi ba, kuma a jikin iyayenmu da kakanninmu aka gano shi.

A zamanin da, mai cikin fari kunya ce ke ɗawainiya da ita. Ba ta faɗin tana da ciki, balle ta ce ga abin da ranta ke so. Idan cikin ya kai wata bakwai sai ta tafi gidansu goyon ciki. Abincinta shi ne na kowa: tuwon dawa, miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, fura da nono, sai kwaɗon zogale ko rama idan damina ta sauka. A wasu gidajen ma har hana ta ƙwai ake yi, ko a ce ta rage ci kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Gata na gaske sai bayan an sauka lafiya yake zuwa: wankan jego na kwana arba'in, ƙauri, yajin jego da kunun kanwa. Littafin Baba of Karo, wanda wata Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, nan kusa da mu, aka buga shi a 1954, ya adana bayanin irin waɗannan al'adu.

Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asibitin koyarwarta ya fara aiki a Tudun Wada. A nan ne likitoci biyu, Eldryd Parry da Neil Davidson, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburin jiki da haki, zuciya ta kasa. Sun bi mata 224 suka fitar da sakamako a 1978. Abin da suka gano shi ne gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, ga zafin ruwan wanka, ga kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, duk sai su haɗu su ɗora wa zuciya nauyi. Daga baya likitocin Asibitin Malam Aminu Kano sun nuna cewa akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. To amma darasin yana nan: kakanninmu da ƙauna suka yi, sai dai kanwa idan ta yi yawa cuta ce.

Sai kuma batun jini. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Jihar Ribas, ya jagoranci rubuta bayanan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga su a 1985. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Shi da likitan jini Farfesa Alan Fleming sun kuma bi masu cikin fari 200. Sun tarar zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba wajen cinye jinin mai cikin fari, kuma maganin kariya daga gare shi, tare da ƙwayoyin ayon da folik asid, yana hana jinin yin ƙasa. Wani abin mamaki, 'yan mata masu ƙananan shekaru da suka sha waɗannan magunguna har tsawo suka ƙara suna ɗauke da cikin. Kun ga ke nan yarinyar da ba ta gama girma ba, jiki biyu take ciyarwa da kwano ɗaya. Shi kansa folik asid ɗin, wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ce ta fara gano alamarsa a 1931, a wajen mata masu ciki na birnin Bombay a Indiya.

Ta ɓangaren gona ma ba a bar mu a baya ba. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ita ce IAR ta yau, mai fitar da irin wake, gyaɗa, dawa da masara, har da masarar nan mai ruwan lemo mai ɗauke da bitamin A. Gonar dabbobi ta Shika an kafa ta a 1928, ta zama NAPRI a 1976, kuma ita ta fitar da kajin ƙwai na Shika Brown. A 2005 asibitin koyarwa ya dawo mazauninsa na dindindin a Shika. Ƙwai, wake da asibiti duk sun zo mana har ƙofar gida.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata masu ciki 61 cikin 100 a Najeriya suna da ƙarancin jini. Ga tsadar kayan masarufi da kowa ke gani a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Ƙarancin jini kuwa shi ke sa zubar jinin da wata za ta jure ya kayar da wata.

To me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Mai ciki ta fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa, a kuma sha ayon da folik asid kullum. Idan ƙwayar ta sa bayan gida ya yi baƙi, ba komai ba ne, kada a daina. A karɓi maganin kariya daga maleriya a wajen awo, a kwana cikin gidan sauro. Kowace rana a samu abu ɗaya mai gina jiki: ƙwai, wake, ƙosai, alale, awara, kifi, nama ko nono da aka tafasa. A yawaita zogale, alayyafo da yakuwa a miya, a bi da lemo, gwaba ko mangwaro, domin suna taimaka wa jiki ya ɗauki ayon. Shayi kuwa a ba shi tazara da abinci, don yana hana ayon shiga. A yi girki da gishiri mai aidin, a sassauta kanwa, kuma duk mai jegon da ta ga ƙafa na kumbura ko numfashi na sarƙewa, a kai ta asibiti a ranar.

Iyayenmu surukai, maganarku ake ji a gida, don Allah ku zama ku ne masu cewa a tafi awo. Ku kuma iyayen gida maza, kuɗin ƙwai ɗaya a rana bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba. Mu ma a ƙungiya, yadda muke zubin adashi don gara da kayan ɗaki, babu abin da zai hana mu ware wani abu don kuɗin mota zuwa awo da cefanen 'yar uwa mai ciki da hannunta ya yi ƙasa. Ina roƙon a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a taro na gaba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rasu wajen haihuwa, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Amin.