Majalisa da 'Yan Leƙen Asiri: Darasin 1976

'Yan'uwa ɗalibai, ina so mu dubi shekarar 1976 a ƙasashe biyu. A Amirka, bayan kwamitin Sanata Frank Church ya tona makircin hukumar CIA na kashe Lumumba da Castro, sai Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin dindindin mai sa ido kan 'yan leƙen asiri. A Nijeriya kuwa, bayan kisan Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu, soja suka kafa hukumar NSO, alhali babu majalisar da za ta ce uffan.

A 1986 Janar Babangida ya rushe ta da Doka ta 19, ya kafa uku a madadinta: SSS, da NIA, da DIA ta ɓangaren soja. Tsarin mulkin 1999, sashe na 315, ya yi wa dokar nan katanga: ba a sauya ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki.

A ganina, nan gizo ke saƙa. Wakilanmu ke amincewa da kuɗin hukumomin nan, amma dokar da ta haife su rubutun soja ce. Mai ba da kuɗin cefane kuwa, ai hakkinsa ne ya leƙa tukunya.