Agogon Alhaji: Daga Suwizalan Zuwa Garwa

Kafin agogo ya shigo ƙasar Adamawa, inuwa da kiran salla ne ke raba wa mutane yini: hantsi, walaha, azahar, la'asar. Ita kanta kalmar "agogo" aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. A Garwa, wadda Jamusawa suka ci a 1901, Ingilishi da Faransawa kuma suka ƙwace a 1915, ofis da makaranta da jiragen kogin Binuwai su ne suka fara tilasta wa mutane lissafin awa da minti.

Bayan Kamaru ta samu 'yancin kai a 1960, agogon hannu ya zama alamar ma'aikaci da attajiri. Alhazai ma sun taimaka, domin a kasuwannin Makka da Jidda agogunan Suwizalan irin su Rado da West End na cikin tsarabar da ake ji da ita. Rado ta fito da DiaStar a 1962, wanda jikinsa ba ya saurin ƙarcewa, abin da ya dace da ƙasa mai ƙura.

Waɗannan agoguna ba su san batir ba. Sifirin ne ake wanawa, shi kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali ta cikin ƙafafu masu haƙora. Da yawansu suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa, kuma mai kyau yakan ɗauki ƙwayoyin yakutu 17 don rage gogayya. Idan mai ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga, sai agogo ya fara ƙarya. A nan mai gyara yake cin abinci: ya warware shi da hantsaki da madubin ido ɗaya, ya wanke, ya ɗiga mai, ya mayar.

A Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na quartz na farko a kasuwa. Cikin shekara ashirin ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 zuwa kimanin 30,000. Da agogo mai araha ya cika kasuwa, sayen sabo ya fi gyaran tsoho sauƙi. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ninka tsadar kayan gyara na waje, sannan wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin. Masu teburin gyara da dama sun koma canza batir da maɗauri.

Yau kuma masu tara tsofaffin agoguna a Turai da Asiya suna neman irin waɗanda iyayenmu suka bari a akwati. Sai dai abin da suke biya wa kuɗi shi ne asali. Fuskar da aka sake fentinta, jikin da aka goge har gefunansa suka zaizaye, ko injin da aka musanya da mai batir, duk suna karya farashi.

Don haka wanda ya gaji irin wannan agogo kada ya yi gaggawar sayarwa ko sabunta shi. Ya duba lambar da ke jikinsa, ya nemi tsohon mai gyara wanda ya san wanki da mai, tun ana samun irinsu. Ya kuma tambayi dattawan gida wace shekara aka sayo shi, a wace tafiya. Wannan labarin ma gado ne.