Asalin 'Yan Agaji: Daga Filin Wa'azi Zuwa Bakin Kasuwa

Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi wuri ne da ƙafa ba ta ɗaukewa tun daga asuba har bayan magariba, domin nan ake sauke kayan gwari da kayan marmari, kuma nan motoci ke lodin fasinja. A irin wannan cinkoso, idan mota ta bige mutum ko wuta ta tashi a rumfa, cikin waɗanda ake sa ran gani da wuri akwai matasan nan masu kaki da hula da ake kira 'yan agaji. Gwamnati ba ta ɗauke su aiki ba, ba su kuma karɓar albashi. Tarihinsu ya faro ne nesa da kasuwa, a zaurukan malamai da filayen wa'azi, fiye da shekaru sittin da suka wuce.

A shekarar 1962 Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ya kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, bisa shawarar malamai irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa na wancan lokaci. Shekara guda bayan haka, a 1963, Sheikh Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano, wadda ta zama matattarar matasan Tijjaniyya mabiya Shehu Ibrahim Inyass. Zamanin na manyan taruka ne. Maniyyata aikin hajji suna ƙaruwa, maulidi da tafsiri suna tara dubban mutane, kuma duk inda taro ya kai haka sai an samu mai tsara sahu, mai ɗauke wanda ya suma, da mai kai tsoho inuwa. Samfurin wannan aiki ba baƙo ba ne, domin akwai 'yan sikawut a makarantu, akwai kuma ƙungiyar Red Cross wadda majalisa ta yi wa doka a 1960. Da tafiya ta yi nisa kowace daga cikin Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam ta fitar da rundunar agajinta, da kayan sarki nata da shugabanninta.

Wanda ya ba wannan aiki siffar da aka fi saninsa da ita a yau ɗan ƙasar Bauchi ne. An haifi Sheikh Isma'ila Idris a Gwaskwaram wajajen 1937, ya yi karatu a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya koyar a Bauchi da Kaduna, sannan ya shiga aikin soja a matsayin limami. Wa'azinsa mai zafi a kan bidi'a ya sa ba ya daɗewa wuri ɗaya ba tare da ya saɓa da na gaba da shi ba, har sauyin wurin aiki ya kai shi Kwantagora, daga bisani Jos. A can ne, a shekarar 1978, aka ƙaddamar da Jama'atu Izalatil Bid'ah Wa Iƙamatis Sunnah, kuma a shekarar ce ya bar soja. Ya ajiye kaki, amma tarbiyyar bariki ta biyo shi, domin mutumin da ya yi shekaru yana ganin yadda umarni ke sauka daga kwamanda zuwa kurtu ya san amfanin matasa masu layi da horo. Rundunar agajin Izala ta taso da fareti da muƙamai da biyayya ga na gaba, ta kuma bazu tare da ƙungiyar zuwa kowane gari da aka buɗe reshe.

Dalilin wannan tsari bai tsaya ga jinƙai kaɗai ba. Ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 lokaci ne na zazzafar jayayya tsakanin Izala da 'yan ɗariƙa, ana rikici a kan masallatai, ana jifan masu wa'azi, yayin da tafsirin Sheikh Gumi da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ke amsa wa juna ta gidan rediyon Kaduna a watan azumi. Malamin da zai tsaya wa'azi a garin da ba a maraba da shi yana bukatar masu tsaronsa, kuma kowane ɓangare ya ga dole ya ƙarfafa nasa. Saboda haka gasa ta yi wa rundunonin abin da kyakkyawar niyya ita kaɗai ba za ta yi ba: ta yawaita su, ta kuma tsaurara horonsu. Ko da Izala ta rabe gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, rundunar ta rabe tare da ita, kowane ɓangare da daraktansa na ƙasa, a ƙarƙashinsa daraktocin jihohi da na ƙananan hukumomi har zuwa reshen unguwa. Sheikh Isma'ila Idris ya rasu a shekarar 2000 bai ga sulhun da aka ƙulla a 2011 ba, sulhun da shi ma bai ɗore ba.

A tsawon waɗannan shekaru aikin ya faɗaɗa a hankali. 'Yan agaji suka zama masu hidima a sansanin alhazai, masu tsara filin idi, masu rakiyar gawa, masu kai waɗanda suka yi haɗari asibiti, kuma a ɓangaren Izala su ne ke bi gida-gida tattara fatun layya da ake sayarwa don ayyukan ƙungiya.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne daga ranar 26 ga Yuli, 2009, lokacin da tarzomar Boko Haram ta fara a Bauchi da hari kan ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi. A watan Satumba na 2010 aka fasa gidan yarin garin. Ranar 29 ga Mayu, 2011, bam ya tashi a kasuwar barikin Shadawanka, sannan ranar 22 ga Disamba, 2014, wani ya tashi a babbar kasuwar Bauchi, kwana ashirin da huɗu bayan harin babban masallacin Juma'a na Kano. Daga nan kasuwa da masallaci da tasha suka zama wuraren da ake shiga da fargaba, kuma matashin da a da aikinsa gyara sahu ne ya koma tsayawa a ƙofa da na'urar bincike a hannu, yana laluben duk mai shiga, alhali ya san idan mai ɗauke da bam ya zo shi ne zai fara haɗuwa da shi.

Rundunonin sun fito daga wancan zamani da mutunci a idon jama'a fiye da yadda suka shige shi, amma raunin da suka gada daga asalinsu yana nan. Shugabancinsu ya rataya ne a wuyan shugabancin ƙungiyoyin da suka haife su, duk saɓanin da ya tashi a sama sai ya sauko kan masu kaki. Abin da ya kamaci hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da shugabannin 'yan kasuwar Bauchi shi ne su haɗa waɗannan matasa, na Izala da na Fityanu da na Jama'atu Nasril Islam, a horo guda kan taimakon farko da kashe gobara, su kuma tanadar musu kayan aiki.