Tarihin Taswirar Gidan Yana ta Injunan Bincike

Taswirar gidan yana wani fayil ne da mai gidan yanar gizo ke ajiyewa a rumbun gidansa, ɗauke da jerin adireshin shafukan da yake so injunan bincike irin su Google da Bing su san da zamansu. Masu sana'ar suna kiranta Sitemap, kuma galibi akan sa wa fayil ɗin suna sitemap.xml. Ba don idon mutum ake rubuta ta ba. Mai karanta ta ita ce manhajar da ake wa laƙabi da gizo-gizo, wadda injin bincike ke aikawa ta zaga intanet tana kwaso shafuka.

Tun farkon shekarun 1990 gizo-gizon nan hanya ɗaya ya sani: ya buɗe shafi, ya tsinci mahaɗan da ke ciki, ya bi su zuwa wasu shafukan. Shafin da babu wani shafi da ya nuna ƙofarsa kuwa, ko da zinariya aka rubuta shi, sai ya zauna a ɓoye. Abin ya fi tsanani ga ɗakunan karatu da ma'aikatun gwamnati da manyan kantuna, waɗanda bayanansu ke cikin rumbu, ba sa fitowa sai mutum ya rubuta abin da yake nema a akwatin tambaya. Gizo-gizo bai iya cike akwati ba.

A 1994 wani injiniya ɗan ƙasar Holand, Martijn Koster, ya kawo tsarin robots.txt, ƙaramin fayil da mai gida ke gaya wa gizo-gizo ɗakunan da ba ya so a shiga. Wato an fara ba mai gida bakin hani kafin a ba shi bakin gayyata. Mai son a san da shi sai dai ya je wurin injuna irin su AltaVista ya cike fom, ya miƙa adireshi ɗaya bayan ɗaya, ko ya haɗa shafi guda mai jerin mahaɗai wanda maziyarci da gizo-gizo za su bi tare. Irin wannan shafi shi aka fara kira taswira, kuma har yau akan gan shi a ƙasan wasu gidajen yana.

A watan Yunin 2005 Google ya fito da tsarin Sitemaps, siga ta 0.84, a matsayin gwaji. Shiva Shivakumar, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin kamfanin, shi ya sanar da shi, kuma an haɗa da wata 'yar manhaja ta harshen Python da ke tattaro adireshi ta rubuta fayil ɗin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne Google bai kulle tsarin ba. Ya sake shi ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya ɗauka. A Nuwamban 2006 Yahoo da Microsoft, abokan hamayyarsa a kasuwa, suka amince su bi tsari ɗaya da shi, siga ta 0.9, aka buɗe sitemaps.org don ajiye ƙa'idojin. Ba ƙaramin sauƙi wannan ya kawo wa ƙananan masu gidajen yana ba, domin da kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa, da mutum ɗaya zai riƙa rubuta fayil uku don aiki guda. A Afrilun 2007 Ask.com ya shigo, aka kuma yarda mai gida ya rubuta adireshin taswirarsa a layi ɗaya cikin robots.txt. Fayil ɗin hani na Koster ya zama shi ke nuna wa baƙo inda takardar gayyata take. A shekarar ce kuma jihohin Arizona da Kalifoniya da Utah da Bajiniya na Amurka suka fara amfani da taswira don bayanan gwamnatinsu su riƙa fitowa a bincike.

Ginin fayil ɗin ba shi da wuya. Da tsarin XML ake rubuta shi, da haruffan UTF-8, kuma kowane shafi yana da gurbi huɗu. Na farko, loc, shi ne cikakken adireshi, kuma shi kaɗai ne dole. Sai lastmod, ranar da aka yi wa shafin gyara na ƙarshe. Changefreq, yawan yadda shafin ke canzawa, ko kullum ko mako-mako ko shekara-shekara. Da priority, maki daga 0.0 zuwa 1.0 da mai gida ke ba shafi gwargwadon darajarsa a cikin gidan, wanda idan ba a rubuta ba akan ɗauka 0.5 ne. Fayil ɗaya ba ya wuce adireshi 50,000. Nauyinsa da farko megabait 10 ne iyaka, sai a 2016 aka ɗaga zuwa 50. Gidan da ya fi haka girma yakan raba taswirarsa kashi-kashi, ya yi wani fayil na fihirisa da ke lissafa su.

Makomar guraben nan huɗu ita ce mafi daɗin nazari a tarihin. Waɗanda suka tsara su sun kyautata zato, sun ɗauka mai gida zai faɗi gaskiya a kan shafukansa. Amma babu ɗan kasuwar da ke kushe hajarsa. Gidaje da dama suka ba kowane shafi maki 1.0, suka ce kowane shafi kullum yake canzawa, har da wanda aka shekara biyar ba a taɓa ba. Bayanin da kowa ya cika iri ɗaya ba ya bambanta komai, don haka Google ya bayyana a fili cewa ba ya duba priority da changefreq. Lastmod ne ya tsira, kuma dalilin a bayyane yake: ana iya gwada shi. Idan taswira ta ce an gyara shafi jiya, gizo-gizo ya je ya tarar babu abin da ya sauya, sai injin ya daina yarda da kwanakin gidan. Canza shekarar haƙƙin mallaka a ƙasan shafi ba ya cikin gyaran da ake nufi. A ganina hukuncin watsi da priority da changefreq adalci ne, ko da yake ya shafi masu gaskiyar da suka ɓata lokaci suna auna makin kowane shafi.

Ana cikin haka tsarin ya yi rassa. An yi taswirar labarai, wadda ke ɗaukar rahotannin kwana biyu da suka wuce kawai, an yi ta bidiyo a 2007, ta hotuna a 2010. A 2012 aka ba da damar sa alamar hreflang a cikin taswira, wadda ke nuna cewa wannan shafi da wancan abu ɗaya ne cikin harsuna daban. Jaridar da ke fitowa da Hausa da Ingilishi za ta iya sa wa shafin Hausa alamar ha, don a miƙa shi ga mai nema da Hausa. Wurin miƙa taswira a Google shi ma ya girma: ya koma Webmaster Tools a 2006, sannan Search Console a 2015.

Yau da wuya a samu mai rubuta taswira da hannu. Tun siga ta 5.5 a Agustan 2020 manhajar WordPress ke haɗa ta da kanta da sunan wp-sitemap.xml, kuma masu gidaje da yawa ba su ma san suna da ita ba. Sai dai kuskuren fahimta ɗaya ya ƙi mutuwa, cewa taswira tana ɗaga shafi sama a sakamakon bincike. Ba ta yi. Sanarwa ce kawai, kuma injin na da 'yancin ƙin ɗaukar shafin da aka lissafa masa.

An kuma rufe wata ƙofa. A da kowa na iya aika wa injin ɗan saƙo cewa ga sabuwar taswira, ba tare da ya nuna shi ne mai gidan ba. Masu cusa shara suka mamaye hanyar, Bing ya rufe ta a 2022, Google ya sanar da rufe tasa a Yunin 2023. Tun a Oktoban 2021 Microsoft da Yandex na Rasha suka kawo IndexNow, inda gida ke sanar da injin nan take idan shafi ya canza, bayan ya tabbatar da mallakarsa da wani mabuɗi. Ita kuwa asalin ƙa'idar taswira ba a sake mata lamba ba. Layukan farko na taswirorin da ake haɗawa yanzu suna ɗauke da 0.9 ɗin da kamfanonin uku suka amince da shi a 2006.