Saiwa da Mazauni: Hanyar Gane Itatuwan Mangurof a Gaɓar Neja-Dalta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake tantance manyan tsirran gaɓar tekun Nijeriya. Hujjarta ita ce, saiwar itace da wurin da ya tsaya sun fi furensa saurin bayyana jinsinsa.

Gabatarwa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin dajin mangurof, mafi yawansa a Neja-Dalta. Itatuwa ne da ke rayuwa cikin ruwan zartsi da taɓo marar iska, inda teku ke cikowa ya janye sau biyu a rana. Matsalar kowane tsiro a nan numfashi ce da gishiri, kuma dabarar da ya bi ita ke tona asirinsa.

Jinsuna da mazauninsu

A bakin rafi, inda taɓon ya fi laushi, Rhizophora racemosa ce ke da rinjaye. Saiwoyinta na fitowa daga jikin gindi, su lanƙwaso su cake cikin laka kamar ƙafafun gizo-gizo. Irinta kan tsiro tun yana rataye a reshe, dogo siriri, sannan ya faɗo. 'Yan'uwanta biyu, Rhizophora harrisonii da Rhizophora mangle, sun fi ta gajarta kuma sukan koma ciki, kan ƙasa mai tauri da ake kira cikoko. Rarrabe ukun nan da ganye kaɗai aiki ne mai wuya, sai an ƙirga rassan furen.

Avicennia germinans ba ta wahalar da mai bincike. Kewayen gindinta cike yake da ƙananan saiwoyi da suka ɓullo tsaye daga ƙasa, da su take shaƙar iska. Gishirin da ta sha kuwa ta ganye take fitar da shi. Da rani ana ganin ƙwayoyinsa farare a kai, ana kuma jinsa a harshe. Laguncularia racemosa tana da ƙulluwa biyu a wuyan ganye.

Baƙuwar da ta zauna

A 1906 aka shigo da kwakwar nifa, Nypa fruticans, Kalaba daga kudu maso gabashin Asiya. Gangar jikinta na kwance cikin laka, ganyen kawai ke miƙewa sama, 'ya'yanta kuma ruwa ke ɗauka ya kai su nesa. Duk inda aka sare mangurof don itacen ƙyafe kifi, ko malalar ɗanyen mai ta kashe shi, nifa na iya riga shi kama wurin.

A nan ne ƙidayar da ta dogara ga hoton tauraron ɗan'adam kaɗai ke iya yaudara, domin daga sama dukansu kore ne. Amma nifa ba ta da saiwoyin da kawa ke maƙalewa, waɗanda ƙananan kifaye da jatan lande ke fakewa cikinsu. Matan da ke shiga rafi da kwalekwale don tsintar kawa su ke fara ganin bambancin, saboda haka ya kamata duk taswirar gaɓa ta haɗa da ziyarar fili lokacin janyewar ruwa, sa'ad da saiwoyi ke waje.